Uba Yana Ikko, Ɗa Yana Gona: Kwana Biyu A Wata Makarantar Ƙauye A Ƙasar Nangere

Daga Wakilinmu na Arewa

A zuwana Ikko na baya na biya ta karar shanu ta Oko-Oba a Agege domin in gaisa da 'yan'uwa, sai wani bawan Allah mutumin ƙasar Nangere, wanda ya daɗe yana aikin lodi da jan shanu a wurin, ya ja ni gefe. Ya ce ya ji an ce ni ne mai rubuto labaran Arewa a wannan shafi, saboda haka yana da saƙo. Ya miƙo mini sabuwar jakar makaranta, a cikinta da takalmi da littattafan rubutu da biro, ya ce in Allah Ya kai ni wajen Potiskum in taimaka in kai wa ɗansa, wanda yake aji huɗu a firamaren ƙauyensu. Na tambaye shi ko yaron yana ƙoƙari. Ya ce ƙwarai kuwa, domin shi bai taɓa fashin aika kuɗin kayan makaranta ba, kuma duk sa'ad da ya buga waya gida, ce masa ake yi yaro yana zuwa.

Na karɓi amana. Da kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa, sai na shirya na tafi. Abin da na gano shi ne zan ba ku labari yau, domin na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, ko a Agege suke, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, sun baro yara a gida kamar yadda wannan ɗan'uwa ya baro. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ko sunayen waɗanda suka sauke ni, gama ban je don in tona asirin kowa ba.

INDA NANGERE TAKE

Ga wanda bai san wurin ba, Nangere ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Yobe, watau jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Borno ran 27 ga Agusta 1991. Hedkwatarta ita ce Sabon Garin Nangere, arewa da Potiskum, kuma ƙasar masarautar Tikau ce. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 87,823. Akasarin jama'ar Karekare ne, sa'an nan ga Fulani da Hausawa da sauransu zaune tare da su a garuruwa irin su Tikau da Degubi da Dawasa da Kukuri da Watinani. Sana'arsu noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da kuma kiwo.

Duk harkar wannan ƙasa tana kallon Potiskum ne, inda kasuwar shanu take ci kowace Laraba. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma daga nan ne tireloli ke kwasar shanun da wasunku ke saukewa a Ikko da Badun da Anaca. Ku riƙe wannan rana ta Laraba a zuciya, za ta sake fitowa a labarin nan.

Na isa ƙauyen ran Talata da la'asar sakaliya, a bayan wata a-kori-kura da ta je ɗaukar buhunan wake, ragowar hanyar kuma na ƙarasa a ƙafa. Bulama ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka yi hira har dare ya yi nisa.

SAFIYAR LARABA

Yaron ƙauye ba ya fara yininsa da makarantar boko. Tun kafin gari ya waye sosai na ji karatun allo yana tashi daga ƙofar gidan liman, yara sun kewaye wutar kara saboda sanyi. Da suka tashi daga nan, 'yan mata suka ɗauki jarkoki suka yi layi a famfon tuƙa-tuƙa, maza kuma suka kwance awaki da tumaki, suka zuba musu harawa. Sai da aka gama duk wannan aka sha kunu ko ɗumamen tuwo, sa'an nan aka fara neman rigar makaranta.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi na ji ƙarar ƙarfe. Tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a jikin dogon-yaro, manita yana dukansa da guntun rodi. Makarantar tana bakin gari, ba ta da shinge, hanyar zuwa gona ma ta tsakiyar filinta ta ratsa. Gini biyu ne. Ɗaya tsoho ne mai ɗaki biyu, wanda iskar farkon damina ta yaye wa rabin kwano, ɗayan kuwa sabo-sabo ne, da 'yan bencina a ciki. Ajin da bai sami ɗaki ba inuwar bishiya ce tasa, an jingina allo a jikin kututture, yara suna zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida.

Waɗanda suka riga zuwa suka share filin da tsintsiyar kaba, aka yi layi, aka duba farce da kai, aka yi addu'a. Daga nan suka rera taken ƙasa, watau tsohon taken nan na 1960 da aka dawo da shi a watan Mayu 2024. Wani dattijo da ke wucewa da jakinsa ya tsaya yana murmushi, ya ce mini rabonsa da jin wannan waƙa a bakin yara tun yana saurayi.

Hedimasta ya karɓe ni hannu biyu-biyu. Mutum ne mai fara'a, ya fara furfura, kuma kullum daga wani gari yake tahowa a kan keke. Ban da shugabancin makaranta, shi ke koyar da aji biyar da shida a haɗe, domin malaman ba su kai yawan azuzuwa ba. A aljihunsa yake ajiye alli, yana gutsura wa kowane malami nasa da safe kamar mai rabon goro.

HARSHE HUƊU A AJI ƊAYA

Na fi daɗewa a aji ɗaya, wurin wata malama 'yar garin. A nan na ga aikin da ba kowa zai iya ba. Yaron da ya fito daga gidan Karekare da harshen Karekare ya zo, na rugar Fulani kuma da Fillanci. Hausa ita ce ta haɗa su a kasuwa da wurin wasa, amma wasu ƙananan ba su gama kama ta ba. Littafin da ke hannun malama kuwa da Turanci aka rubuta shi. Sai ta faɗi kalma da Turanci, ta fassara da Hausa, in ta ga ido ya yi zuru ta sake faɗi da Karekare, wani yaro mai wayo kuma ya raɗa wa 'yan'uwansa da Fillanci. Da haka ake lallaɓawa har a kai ga ba, bi, bo, bu.

Hukuma ta sha canza magana a kan wannan al'amari. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi ji. A 2022 aka ce a yi haka har shekara shida ta firamare. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar an soke wannan, a koma Turanci tun daga tushe. Da na kawo wa malama wannan zance sai ta yi dariya, ta ce ita dai abin da ta sani, yaron da bai gane abin da aka ce ba bai koyi kome ba, ko da wane harshe aka ce shi.

Da aka tashi tara, filin ya koma 'yar kasuwa. Ga mai ƙosai, ga mai awara, ga mai dafaffiyar gyaɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu tallan nan sa'o'in waɗanda ke cikin aji ne, wasu ma an ce sunayensu na cikin rajista. Yaran da ba a ba su ko kwabo ba suka ruga gida shan fura, kuma ba duka suka dawo ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 an dakatar da shi a farkon 2024, kuma hedimasta ya ce duk makarantar da ta taɓa ganin tukunya a filinta ta san bambancin cikar aji da abinci da kuma babu shi.

ƘWAI A RAJISTA

To, ina mai jaka? Da muka shiga aji huɗu aka kira suna, yara suna amsawa da "firezan sa", aka zo kan sunan yaron, shiru. Wani abokinsa ya ce ya bi baffansa Potiskum kai awaki kasuwa. Na duba ajin, na ga wuraren zama da yawa babu kowa. Malamin ya ce kada in yi mamaki, ai yau Laraba ce.

Hedimasta ya kai ni ofishinsa, wanda shi ne kuma sito, ya buɗe mini rajistar ajin. Wanda ya zo ana yi masa ɗan karan layi, wanda bai zo ba a zana masa sifiri, su malamai "ƙwai" suke ce masa. Layin yaron nan ƙwai ne jere kamar an tarar da sheƙar zabuwa. Kuma ba a warwatse suke ba. Kusan kowace Laraba akwai ɗaya. Sa'an nan ga su a cunkushe a makonnin girbin gero da roron wake. Ya ɗauko rajistar bara, ya nuna mini wani cunkoson a watan Yuni da Yuli, lokacin shuka da noman fari, daidai sa'ad da ake shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Babban hutu yana faɗawa ne a tsakiyar damina, amma farkonta da ƙarshenta, inda aka fi bukatar hannu, duk a cikin zangon karatu suke.

Na ce to, ashe baffan yaron ba ya son karatun ɗan wansa ke nan? Hedimasta ya girgiza kai, ya ce in yi wa mutumin adalci. Gonar gandu ce, da can su biyu suke noma ta da wansa. Wan ya tafi Kurmi neman kuɗi, gona ba ta ragu ba, bakunan da ke ci daga rumbu ma ba su ragu ba. Wake in ya bushe ba ya jiran kowa, in ba a rore shi ba ya fashe ya zube, ko dabbobi su shiga. Wa zai tsaya a gurbin wanda ya tafi? Sai ɗansa. Ya ce shi a lurar da ya yi shekara da shekaru, yaran da iyayensu maza ke ci-rani ko zaune a Kudu su suka fi kowa kyawun jaka da takalmi, su ne kuma suka fi yawan ƙwai a rajista.

Wannan magana ta shige ni, domin ban taɓa duban abin ta wannan fuska ba. Uban yana can yana fama da ƙahon sa a Agege don ɗansa ya yi karatu, alhali kuwa aikin da ya bari a gona ɗan ne ke biyansa da ranakun makarantarsa. Kuma da aka ce masa a waya yaro yana zuwa, ba a yi masa ƙarya ba. Yana zuwa ɗin, ran da babu aiki.

YADDA AKA FARO

Masu zama a ƙasar Yarbawa sun san yadda ilmi ya zauna da gindinsa a can. Dalili kuwa shi ne tun Janairu 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Ƙauyukanmu da yawa ba su ga aji ba sai bayan shekara 21, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a Satumba 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a wannan shekara, sai ga kimanin miliyan 3 sun fito, aka rasa azuzuwa da malamai, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Bulama ya ce tsohon ginin nan mai yayayyen kwano na wancan zamani ne, kuma shi kansa a cikinsa ya koyi rubuta sunansa.

A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin, UBE, a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi: karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, na gaba kuma naira 5,000 ko wata biyu. Bulama ya ce shi bai taɓa jin an gurfanar da kowa a garinsa a kan wannan ba, kuma ko an ce a yi, rabin gari za a kwashe da kaka.

Sa'an nan kada mu manta da abin da makarantun wannan yanki suka gani. Ran 6 ga Yuli 2013 'yan Boko Haram suka afka wa sakandaren gwamnati ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Ran 25 ga Fabrairu 2014 aka yi na kwalejin tarayya ta Buni Yadi. Ran 10 ga Nuwamba 2014 wani ya shiga sakandaren kimiyya ta gwamnati a cikin Potiskum sanye da kayan makaranta, ya tayar da bam ana tsakiyar taron safe, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. A Fabrairu 2018 kuma aka sace 'yan mata 110 a Dapchi. Hedimasta ya ce a shekarun nan, a boye yake zuwa aiki cikin kayan gona, littattafai a cikin buhu, kuma akwai iyayen da suka cire yaransu tun lokacin ba su mayar ba. Duk da haka ba a daina buga ƙarfen nan na jikin dogon-yaro ba, in ban da lokacin da hukuma ta ce a rufe.

A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare a jihar, aka gina manyan makarantu na zamani a garuruwa irin su Damaturu da Potiskum. Abin a yaba ne, kuma muna roƙon hukuma ta sa ido ga na ƙauye su ma, musamman wajen ƙarin malamai da gyaran rufi. Amma ko an kawo bene ƙauyen nan, ba zai hana yaro tafiya roron wake ba.

RAN ALHAMIS

Kashegari yaron ya zo, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Na ba shi jakarsa a gaban hedimasta, ya durƙusa ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba. Yaya Babanmu?" Na ce yana lafiya, yana gaishe shi. Malaminsa ya rubuta gajeren jimla da Hausa a allo ya ce ya karanta. Ya bi ta gaɓa-gaɓa, yana nunawa da yatsa, ya yi tuntuɓe sau biyu, amma ya kai ƙarshe. Da aka rubuta ta Turanci sai ya sunkuyar da kai. A lissafi kuwa ba a kama ƙafarsa, kuɗin awaki uku da la'adar dillali da kuɗin mota duk a ka ya haɗa su kafin in gama latsa wayata. Malamin ya ce yaro ne mai kai, da zai sami zango ɗaya cur ba fashi da an ga abin mamaki. Ya ƙara da cewa saura shekara biyu ya gama aji shida, in ya fita a haka ba zai iya zaman ƙaramar sakandare ba, kuma yawanci daga nan ne yaro ke zamewa ya bi tirela.

Da yamma na sami baffan a gona, shi da matarsa da yara suna ta roro. Muka gaisa, na yi masa sannu da aiki, na kawo maganar a hankali. Bai yi fushi ba. Ya nuna mini iyakar gonar da hannu, ya ce, "Malam, ka gani da idonka. In Yaya zai aiko da kuɗin 'yan ƙodago lokacin shuka da lokacin kaka, ni me zan yi da yaro a gona? Amma kuɗinsa da salla yake zuwa." A nan take na buga wa wan waya na haɗa su. Sun daɗe suna magana da Karekare, ban ji abin da suka ce ba, sai dai da aka miƙo mini wayar, mutumin Agege ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce wallahi shi bai sani ba.

KIRA GA 'YAN'UWA MAZAUNA KUDU

Jama'a, gani ya kori ji. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha faɗa a shekarun baya cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Yaron da na kai wa jaka ba ya cikin wannan lissafi, domin sunansa yana rajista. Irinsa nawa ne a ƙauyukanmu, Allah kaɗai Ya sani.

Saboda haka ga 'yar shawara. In za ka aika kuɗi gida, ka ware na ƙodago daban, ka aika shi a kan kari, watau farkon damina da lokacin girbi, ka kuma faɗa wa wanda ka bar wa gida cewa wannan kuɗin fansar ranakun yaro ne. Ka nemi lambar hedimasta ko malamin ajin ɗanka, ka riƙa tambayarsa kwana nawa yaro ya zo a wannan wata, domin shi ke riƙe da rajista. In ka buga waya gida ka sa a ba yaron, mace ce ko namiji, ka ce ya ɗauko littafinsa ya karanta maka layi biyu. Ko kai ba ka yi boko ba, kunnenka zai rabe maka mai karatu da mai lalube. Wanda ya zo ganin gida kuma, ya daure ya taka zuwa makarantar kafin ya koma, ya gaisa da malamai, su san yaron nan yana da mai bibiya.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke Sabo da zango-zango, waɗanda ke tara kuɗi don biki da jana'iza da gyaran masallaci, su ma suna da abin yi. Bandir biyu na kwano da katako da ƙusa za su rufe ɗakin nan da iska ta yaye, kwalin alli kuwa bai kai kuɗin cin abincin mutum ɗaya a tasha ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bi ta hannun Bulama da kwamitin iyaye na makarantar, a kuma nemi a ga aikin da ido.

Ran Juma'a da sassafe na kama hanya. Ina fita gari na ji an buga ƙarfe, na waiga na hango yaron a cikin masu shara, sabuwar jakar tana rataye a bayansa, ya ƙi ajiye ta ko don sharar. Hedimasta ya yi mini alkawari zai aiko mini da labarin layinsa a rajista in zango ya ƙare, ni kuma in Allah Ya yarda zan sanar da ku a wannan shafi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu nema sa'a, Ya maido kowa gida lafiya, amin.